Cinyar Mai Gona

Gwaggonku Asabe ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Duk tsawon ranta ban taɓa tanka mata ba idan ta ɗauko labarin yadda muka bar Awali, domin yayar mijina ce, kuma a ɗakinta na fara ajiye kayana a garin nan. Amma na ji abin da ta bar muku. Na ji shi a bakin 'ya'yanku, da Larabcinsu, suna ƙyalƙyala dariya a bayan ƙofa, wai Sitti, wato ni kakarsu, ta taɓa dafa wa Larabawa ɓera, wai shi ya sa aka kori kakansu daga bustani, lambun dabinon da yake gadi. To, ku gyara zama. Ba ɓera ba ne, kuma ba a tofar da girkina don rashin daɗi ba. Ni Kulu ban taɓa shiga aji ba, amma abin da idona ya gani yana nan inda na ajiye shi. Zan faɗa, wadda ke riƙe da biro ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini.

Ubana mai ɗana tarko ne a bakin gulbi, can ƙasar Kabi. Ba mafarauci mai bindiga da karnuka ba, shi mutum ne na waya da igiya da haƙuri. Gyazbi, gafiya, zomo, damo, beguwa, duk abin da ke saukowa shan ruwa ya san hanyarsa. 'Ya'yansa maza ba su rayu ba, ni na rayu, don haka ni ce na riƙa binsa tun ciyawar fadama tana rufe ni. Shi ya koya mini in je inda laka take da taushi, in durƙusa, in duba wa ya sha ruwa, ta ina ya zo, ta ina ya koma. Shi ya koya mini yanka, ya ce in babu namiji a kusa kada in bar nama ya mutu mushe saboda kunya. Sannan akwai abu guda da ya nanata mini har ya zauna a ƙashina: duk naman da aka kama a gonar wani, cinya ta mai gona ce. Ba kyauta ba ce, haƙƙinsa ne. Wanda ya cinye bai kai cinya ba ɓarawo ne, ko da tarkonsa ne ya kama. Na ga ubana ya bar aikinsa ya yi doguwar tafiya da cinyar gyazbi ƙunshe a ganye, don ya kai wa wata tsohuwa mai fadama wadda ko haƙoran ci ba ta da su.

Babanku kuwa wani irin mutum ne dabam. Ko kaza ba ya son riƙewa a yanka. Tun yana saurayi ba shi da zance sai Madina. Ya sayar da gonarsa da shanunsa na noma, ba don ya zo ya tara dukiya ba. Abu ɗaya yake so, kuma ya faɗa mini shi tun ba mu bar gida ba.

"Kulu, ni dai in kwanta a cikin iyakar garin Manzo, in tashi a cikinta. Ranar da aka kira ni, a same ni a ciki."

Da ya samu aikin kula da wani bustani a Awali, da ɗan ɗakin ƙasa a kusurwar katanga, sai da ya yi sujada a bakin ƙofa kafin ya shigar da tabarma. Kullum da ƙafa yake tafiya masallacin Manzo, ya dawo yana murmushi shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir a hanya. Mai bustanin wani tsoho ne, Ammu Salim, siriri, gemunsa ja da lalle. Yana kiran babanku Bakur. Wannan sunan zan iya faɗa, tunda ba shi aka raɗa masa ba. Tsohon nan ƙasa yake kallo idan yana tafiya. In ya tarar da tattabaru suna tsince a kan hanya, sai ya kauce ya bi ta cikin laka ya bar musu hanyar. Na sha ganin haka, na ce a raina tsufa ne.

Ni ma na so wurin. Akwai babbar birka, wato kwatamin tara ruwa, inda inji yake zuba ruwa, daga nan ruwan ya rarrabu ya bi gindin dabino da ciyawar barsim da na'ana'a. Hanyar ruwa guda tana bi ta ƙarƙashin katanga ta fita waje. In na zauna wanki a wurin, yayarku Hauwa goye a bayana, ƙarar ruwan tana kai ni gida.

A shekarar da nake ba ku labari Ammu Salim ya dasa 'ya'yan dabino sababbi, irin masu tsada, a jere kusa da katangar nan. Sai wani abu ya fara shigowa yana tone su yana cinye zuciyarsu. Da safe a tarar da ɗan dabino a kwance, cikinsa a rarake. Na ga maza suna toshe ramin da ruwa ke bi ƙarƙashin katanga da duwatsu, abin ya ture. Na ga sun rataya tsummoki da gwangwanaye, abin bai kula ba. 'Ya'yan tsohon suka fara cewa mai gadi barci yake yi, a kawo wani. Har wata rana Ammu Salim ya kira babanku gefe, ya ce masa in layin dabinon da ya rage ya tafi, ba zai iya riƙe bakin 'ya'yansa ba. Daga ranar babanku ya daina cin abinci kamar mutum. Ya zauna bakin ƙofa yana kallon ɗakin nan na ƙasa kamar an riga an karɓe.

Ni kuwa tun ranar farko na san ko wace ce. Na je na durƙusa a bakin ramin, ga sawu kamar tafin jariri, ga jan wutsiya a laka, ga kashinta kamar ƙwallon dabino, ga ƙaya guda baƙa da fari ta maƙale a dutse. Beguwa ce, babba, kuma ita kaɗai. Na kalli mazan nan da gwangwanayensu, tausayi ya kama ni. Na ce bayin Allah sun san karatu, sun san dabino, amma babu wanda ubansa ya koya wa tarko. Ku fahimce ni da kyau a nan. Na san mai harama ba ya kashe dabba, na yi aikin hajji, na kiyaye. Na ɗauka in an gama aiki an sauya kaya shi ke nan. Babu wanda ya taɓa ce mini garin kansa yana da doka. Wa zai zaunar da mace mai goyo ya ce mata kada ki yi farauta? Ban kuma gaya wa babanku ba, domin so nake in ajiye masa abin a gabansa in ga fuskarsa.

Akwai wani mataccen keke da aka jefar a bayan ɗakin inji. Na zare wayar birkinsa, na goge ta da laka don warin hannuna ya fita, na ƙulla zarge irin na ubana. Ban ɗaure ta a turke ba. Beguwa in ta ji abu ya riƙe ta ƙam, sai ta yi ta fizga har waya ta tsinke. Sai na ɗaure a guntun kututturen dabino, wanda za ta iya ja amma ba za ta yi nisa da shi ba. Ranar Alhamis da la'asar sakaliya na ɗana a bakin ramin, daidai tsayin ƙirjinta, na share sawuna da ganye. Washegari Juma'a babanku ya fita da wuri cikin farar rigarsa, wadda ba shi da wata sai ita. Yana ɓacewa na kwantar da Hauwa na nufi katanga. Kututturen ba ya nan. Na bi jansa cikin barsim, sai ga ta a gindin wani dabino, ta gaji, ta buɗe ƙayoyinta ta zama kamar kwando, tana kaɗa wutsiya tana wannan ƙarar tasu. Na rantse muku tun da na bar gida ban ji daɗi irin na lokacin ba. Na buge ta a hanci da taɓarya, na juya ta alƙibla, na yi bisimilla na yanka.

Na fige ƙayoyin na ajiye, domin babu abin tsaga kitso kamar su. Na babbake, na wanke, na dafa da tafarnuwa da citta da yajin da na zo da shi daga gida, na bar shi a wuta har nama ya fara sakin ƙashi. Cinya guda na ware na sa a langata mai murfi, wadda ba na fitar da ita sai da dalili.

Al'adar gidan Ammu Salim ce duk Juma'a bayan masallaci su zo bustani su ci abincin rana. Maza a kan darduma kusa da birka, mata a bayan wani shinge na ganyen dabino. Asabe ma takan zo daga unguwar Aziziyya ranar, da abayarta da turarenta. Ita tun tana ƙarama aka kawo ta garin nan, Larabci a bakinta kamar ruwa, ita ce bakina in zan yi magana da matan gidan. Tana shigowa ta ɗaga hanci.

"Ke Kulu, ɗan akuya kuka yanka? Ku da ake shirin kora?"

"Yaya, ki dai jira."

Na miƙa wa babanku langar na ce ya kai wa mai gona, nasa ne. Ya tambaye ni ina na sami nama, na ce ya kai tukuna. Na leƙa ta tsakanin ganye ina kallo. Tsohon ya buɗe murfi, ya sunkuya ya shaƙa, ya yi bisimilla. Ya ci, ya lumshe ido. Ya ƙara. Sannan ya yago wani yanki mai kyau ya tura gaban babanku.

"Kul, ya Bakur," in ji shi da Larabci, wato ya ci.

Babanku ya ci. Mutumin da ya kwana biyu ba ya iya haɗiye loma, na ga ya siɗe yatsa. Zuciyata ta cika fal. A ɓangarenmu ma matar tsohon, Ummu Nasir, ta ci daga abin da na zuba mana, ta juyo ta tambayi Asabe wane irin nama ne wannan mai laushi haka. Lokacin da nake jira ke nan. Na sa hannu ƙarƙashin ɗankwalina na zaro ƙaya guda, mafi tsawo, na ajiye a kan tabarma.

"Yaya, gaya mata ɓarauniyar ce. Ki ce dabinonsu zai yi barci yau. Ki ce cinyar da na aika wa maigida haƙƙinsa ce, haka muke yi a gida."

Asabe ba ta fassara ba. Ta kalli ƙayar, ta kalle ni.

"A ina kika kama ta?"

"Ga shi can, bakin ramin ruwa."

"Cikin bustani?"

"To da a ina, a Kabi?"

Ta ce inna lillahi a hankali, ta ɗora hannu biyu a ka. Ummu Nasir ba ta jira fassara ba. Ta ɗauki ƙayar ta juya ta, ta tashi, ta fita wurin maza fuskarta a buɗe, matar da ko babanku bai taɓa ganin ƙwayar idonta ba. Har lokacin ban gane ba. Na ɗauka ko su ba sa cin beguwa ne, kamar yadda wasu ba sa cin damo.

Ta miƙa wa mijinta ƙayar. Ya dube ta. Sannan ya miƙe, ya zaga bayan dabino, muna jin yana zura yatsa a maƙogwaro yana kakari. Da ya dawo bai koma kan darduma ba. A ƙasa ya zauna, cikin ƙura, ya rufe fuska da gefen rawaninsa ya fashe da kuka. Na ga maza sun yi kuka a kan gawa, na ga sun yi kuka da gobara ta ci rumbu. Ban taɓa ganin dattijo mai jikoki yana kuka a kan nama ba. Kafaɗunsa suna rawa kamar na yaro. Injin ruwa kaɗai ke ta bugawa.

Asabe ta jawo kunnena kusa da bakinta.

"Ke baƙauyiya, nan harami ne. Daga dutsen can zuwa dutsen can, ba a farauta, ba a ɗana tarko, ko tsuntsu ba a firgitawa. Kina tsammani ba su iya kisa ba ne? Mutumin nan tun da aka haife shi bai taɓa korar tattabara ba. Yau kin ba shi naman harami ya ci, har ya ce ya yi daɗi."

Sai na tuna shi yana kaucewa cikin laka. Na kalli hannuna, ƙamshin yaji yana tashi daga yatsuna, ƙarƙashin farcena akwai sauran jini. Ji na yi kamar ƙasar bustanin tana kallona. Ni da na zo garin Manzo da ƙafata, na zubar da jini a cikin gidansa, na dafa, na raba wa mutane.

Da tsohon ya share fuska, ya tambayi wa ya yi wannan. Kafin kowa ya yi numfashi na ji muryar babanku.

"Ana, ya ammi."

Wannan kam ko ni na gane. Ni ne, in ji shi. Tsohon ya dube shi, ya yi magana mai tsawo, Asabe tana raɗa mini. Ya ce shi ba zai kai ƙara ko'ina ba. Amma ya taso ya ji iyayensa suna cewa a da, wanda aka kama yana farauta a cikin iyaka, ana karɓe abin farautarsa da rigar da ke jikinsa, a bar shi ya tafi da kunyarsa. Ya ce Bakur ya ba da riga, magana ta mutu a nan, ya ci gaba da aikinsa.

Babanku bai yi gardama ba. Ya kama wuyan farar rigar nan ya cire ta ta ka, ya ninke ta da kyau, ya ajiye a gaban tsohon. Ya tsaya daga shi sai wando da wata singileti da ta yage a hammata, wadda na yi ta cewa zan ɗinke. Haƙarƙarinsa duk a waje. Mutumin da ko a ɗaki ba ya zama babu riga. 'Ya'yan tsohon suna kallonsa, na ga ƙaramin ya kau da kai yana danne murmushi. Matan gidan suna leƙe ta shinge. Na yunƙura zan fita. Asabe ta damƙe zanena.

"Uskuti, yi shiru. Zauna. Halas, an gama, riga ce kawai. Gobe in saya masa wata."

Na fizge. Na tafi ɗaki na ɗauko wayar birkin, na warware ƙullin, na fito tsakiyar maza na jefa ta a gaban babanku.

"Kulu, koma ciki," in ji shi, bai ɗaga murya ba.

Tun da aka kai ni ɗakinsa bai taɓa faɗa mini abu na tsallake ba sai ranar.

"Yaya Asabe, gaya wa mai gona ya ce da shi ya ƙulla. In shi ya ɗana, ya ƙulla mu gani."

Asabe ta fito ta faɗa, muryarta ƙasa-ƙasa. Tsohon ya nuna wayar da haɓa. Babanku ya ɗauka. Ya lanƙwasa nan, ya lanƙwasa can, wayar tana fizgewa tana dukan yatsunsa. Ya yi wani ƙulli irin na ɗaure buhu, ya warware da kansa. Na karɓa daga hannunsa. Kafin tsohon ya ƙifta ido na ƙulla, na zura hannuna a ciki na ja, ta shaƙe wuyan hannuna. Na ɗaga masa ya gani.

Ammu Salim ya dubi hannuna, ya dubi babanku. Ya ɗauki rigar ya miƙa masa da hannu biyu. Ya ce shi ba ya tuɓe mace, wayar kawai zai karɓa. Ya ce wannan baiwar Allah ba ta sani ba, wanda ya halicci beguwar ya fi shi sanin zuciyarta. Sannan ya juya ga babanku, muryarsa ta yi sanyi ƙwarai.

"Ita ba ta sani ba, ya Bakur. Kai ka sani. Daga masallacin Manzo muka fito tare, ka zauna ka ci da ni a kwano ɗaya, sannan ka dubi idona ka faɗa mini abin da ba haka ba. Ta yaya zan bar maka mabuɗi?"

Ya ba mu zuwa ƙarshen wata.

Abin da gwaggonku ta riƙe ke nan har ta koma ga Allah, cewa da na yi shiru da riga ta rufe maganar, da a Awali aka haife ku duka. Gaskiya ne, ba na musu. Amma ku ma ku auna. Ni na zubar da jini a harami ban sani ba. Shi zai zauna a harami a kan ƙarya yana sane, kullum ya wuce tsohon nan ya gaishe shi, kullum ya tafi masallaci da ita a ƙirjinsa, kuma saboda ni. Na san mijina, da abin ya cinye shi kamar yadda aka cinye 'ya'yan dabinon nan, daga ciki. Sannan in tsaya a bayan shinge ina kallon uban 'ya'yana a tuɓe, yara suna murmushi, a kan dabbar da ko ganinta bai yi ba da rai? Ba a haife ni a gidan da ake haka ba. Kuma tarkon nawa ne. Mai kyau ne ko marar kyau, nawa ne.

Ummu Nasir ce ta nema mana mafita, Allah ya saka mata. Tana da ƙane mai gona a Jurf, can bayan alamar iyakar harami, inda beguwa ta hana shi cin kankana. Ya ji labarin abin da ya faru, ya aiko a ce mu zo. Asabe ce ta kawo saƙon, kuma ba ta rage masa kaifi ba, a gaban babanku ta faɗa.

"Matar yake so. Ya ce mijin ma ya zo, ba za a rasa abin da zai yi ba."

Babanku ya ce to. Duk kwanakin nan bai zage ni ba, bai ɗaga mini murya ba, bai kuma yi mini zancen ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ranar tashi aka kawo wanet, motar a-kori-kura, muka loda tabarmi da tukwane. Direba ya ce ya shigo gaba, ya ƙi. Ya hau baya cikin kaya ya zauna yana fuskantar inda muka fito. Ni ma na hau da Hauwa na zauna kusa da shi. Muka ratsa gari, ya bi kubbar masallaci da ido har gidaje suka rufe ta. Da muka zo wucewa ta wurin alamar na ga leɓensa yana motsi, hannunsa ya kama ƙarfen motar har jijiyoyi suka fito. Na kasa daurewa.

"Malam, ka ce wani abu mana."

Sai da alamar ta koma ƙarama a bayanmu sannan ya amsa.

"Naman ya yi daɗi, Kulu. Har yanzu ina jin sa a bakina."

A Jurf na kama beguwa har na manta adadi. Na kama zomo, na kama abin da ban san sunansa da Hausa ba. Masu gonaki suna aikowa a ɗauke ni da mota, kowa na kai masa cinyarsa, wasu su ci, wasu su ba ma'aikata. Da wannan hannun aka yi muku sutura aka sa ku makaranta, ba na jin kunyar faɗa. Amma kun taso kun ga tukunya biyu a murhuna, babba tamu, ƙarama ta babanku, kuka ɗauka saboda gishiri ne da hawan jini. Ba gishiri ba ne. Tun daga Juma'ar nan bai sake cin abin da ya taɓa tukunyar da na dafa naman tarko ba, ko da an kama shi a inda ya halatta. Shi ya sayo ƙaramar da kansa ya ajiye mini, bai ce komai ba, ni ma ban tambaya ba. Kuma kun san gurasar da yake sawa a aljihu da sassafe ya fita. Ba ya karyawa a gida. Sai ya taka har ya tsallake alama, ya sami dutse a cikin harami ya zauna, sannan ya ci.

Da ƙafa ta ƙi, sai ya koma jiran wanda zai kai shi. Ranar ƙarshe da hantsi ne, Usman kana wurin aiki, ka tuna na sa aka kira ka na ce ka zo da mota yanzu, mu kai babanka cikin gari. Ban ce asibiti ba, ka yi ta tambayata wane asibiti. Ba asibiti nake nufi ba. So nake a tsallaka da shi cikin harami kawai, ko a bakin titi ne. Na sa masa farar riga, na zaunar da shi ya jingina da ni, muna sauraron ƙarar kowace mota da ta shigo layi.

"Kulu, Usman ya iso?"

"Yana hanya, Malam. Cunkoso ne."

Ya juya fuskarsa wajen bangon da ke ɓangaren gari.

"To a gaya masa kada ya yi gudu."

Ya cika kafin ka shigo layin. Tukunyarsa tana kan wuta a lokacin. Sai da maƙwabciya ta ce wani abu yana ƙonewa, sannan na tashi na sauke ta.